Ta'aziyyar Surukina, Mai Filin Ƙwallon Garinmu

Na Allah muke, wurinsa kuma surukina ya koma ranar wata Alhamis da hantsi, a ƙarshen bazarar da ta wuce. Ya yi alwala zai yi walha, ya zauna a bakin tabarma ya ce kansa yana juyawa. Kafin a samo babur ɗin da zai kai shi asibiti a Shagari, rai ya yi halinsa.

Bayan azahar aka yi masa salla. Taro iri biyu ne ya raka shi. Akwai dattawa sa'o'insa, da rawuna da carbi, sannan akwai samari da magidanta daga Mandera da Dandin Mahe da Kajiji, har da Bodinga, mutanen da ya shafe shekara talatin yana kushe 'yan bayan ƙungiyoyinsu na ƙwallo a gaban idonsu. Golanmu, ƙaton saurayi mai faɗin kafaɗa, ya kama makara tun daga ƙofar gida. Aka yi ta taɓa shi ya saki wani ma ya samu lada, ya ƙi, har bakin kabari.

A cikin gida, maiɗakina ta ce Inna ba ta yi kuka ba ranar. Sai washegari da la'asar, da ta rufe tuwon Baba a kwanonsa ta ajiye gefe kamar kullum, don ba ya cin abinci sai ya dawo daga fili. Tana ɗora faifai ta tuna. Nan ta durƙushe.

A ranar Juma'ar nan ina cikin masu karɓar gaisuwa a ƙofar gida, na ji tela yana yi wa mahauci raɗa. Su biyun nan sun fi kowa daɗewa a majalisar Baba ta bakin fili.

“To wa za a sa lamba shida ranar wasan Dandin Mahe?”

“Ana makoki kana zancen lamba shida?”

“Na sani. Amma wa za a sa?”

Mahauci ya ja carbi ƙwaya uku ko huɗu. Can ya ce, “Ɗan gidan maƙera. In anka sa dogon ga, tsakiya ta ɓare.”

“Ɗan gidan maƙera bai iya waiwaye ba. Marigayi da bakinai ya hwaɗa.”

Murya ta fara tashi, wasu biyu suka matso da nasu ra'ayin. Liman ya yi gyaran murya, kowa ya sunkuyar da kai. Ya dube su ya ce, “Ku yi mishi addu'a tukuna. In kunka ƙare ku ci gaba a hankali, don na san da shina nan da muryatai ta danne taku.”

Aka yi dariya, dariyar ta ƙare da sharar ido da hannun riga. Ni ban yi ba. Akwai abin da ke tsakanina da mamacin da bai bar ni na yi dariya ba, kuma shi ne rabin dalilin wannan rubutu. Sauran rabin shi ne, wurin da ya kamata ya riƙa tuna wa mutane da shi ma yanzu babu shi.

Ni mutumin Bodinga ne, malamin firamare. Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka turo ni wannan gari na ƙasar Shagari. A makona na farko na bi hayaniya da la'asar na iske filin ƙwallo a gabashin gari, shimfiɗaɗɗe, da turaku da raga mai faci. Na ɗauka na makaranta ne ko na hukuma. Ashe gonar mutum ɗaya ce, kuma ita ce mafi kyau a gonakinsa, ya daina noma ta don samarin gari su samu wurin wasa. Ga shi can a gindin darbejiya a kan kujerar katako, sanda a tsakanin gwiwoyinsa. Ƙafarsa ta hagu ta shanye tun yana ƙarami. Mutumin da ya kafa ƙungiyar garinmu, ya ba ta fili, ya san sunan uwar kowane ɗan wasa, bai taɓa buga ƙwallo ba a rayuwarsa.

Ina tsaye ina kallo na ce, a fili ba da kowa nake ba, lamba biyun nan yana yawan hawa gaba yana barin gida a buɗe. Tsohon ya juyo.

“Wane na wanga?”

Aka ce sabon malami ne.

“Malam, matso. Mi kac ce?”

Na maimaita, da ɗan jin kunya.

“Ka ga rabi. Shi umurni anka ba shi shi hau. Wanda ya kamata shi ruhe mishi wuri, ga shi can shina kallon sama.”

Daga baya na gane wannan ita ce iyakar yabonsa. Bai taɓa ce wa wani ya yi gaskiya ba. In ka yi ƙoƙari, ka ga rabi. In ba ka yi ba, sai ya tambaye ka ko ka ci abinci.

Ya share ƙasa da tafin hannu ya nuna mini. 'Yan wasanmu tsakuwoyi ne, goma sha ɗaya, yana yawo da su a aljihu. Abokan karawa kuwa busasshen kashin awaki yake tsinta a nan gindin bishiya ya jera. Mutanen Kajiji sun taɓa yin ƙorafi a kan haka, ya ce musu in sun ci mu sau biyu a jere zai mayar da su tsakuwa. Sun ci mu sau biyu a jere, ya ce ai na farkon alƙalin wasa ne ya ci.

Shekara biyu ina wannan majalisa, sannan na auri 'yarsa ta uku. Nan abu ya lalace. Suruki ba ya zama tabarma ɗaya da uban matarsa yana ja-in-ja. Na koma ɗaya gefen fili nake kallo, in mun haɗu in cire takalmi in durƙusa in gaishe shi in wuce. Musun da ba mu yi da baki ba sai ya koma bi ta hannun amarya. Ta je gida gaisuwa ta dawo.

“Baba ya ce a gaya maka, wanda kake yabo a gaba gudu gare shi, ba kai.”

“Ki ce masa ƙwallo uku ya ci a wasa biyu.”

Mako ya zagayo. “Baba ya ce biyu daga ciki ƙwallon ce ta buge shi ta shiga.”

Muka yi wata huɗu a haka, har ranar da ta ajiye mayafi ta ce ita aure aka kawo ta, ba aikin ɗan aike ba, kuma ta faɗa wa uban nata haka. Washegari ya aiko a kira ni bakin fili. Na durƙusa a nesa.

“Malam, ji nan. A ƙohwar gidana kai surukina na, ka tuɓe takalmi. Amma nan bakin hili babu surukuta. Nan kai mutum na wanda bai san ƙwallo ba, ni ko ina koya maka. Zamna.”

Na zauna. Shekara takwas muka yi muna musu kowace la'asar, ni idona a ƙasa, bakina a sake. Ban san wani suruki a ƙasar nan da ya samu abin da na samu ba.

Aƙidarsa a ƙwallo ba ta da yawa, kuma ba ta motsi. 'Yan baya huɗu. Gola in ya kama ya narka ta gaba. Ɗan tsakiya ya waiwaya kafin ƙwallo ta iso shi, in ba haka ba ya koma gona. Kada a mayar da ƙwallo baya, ko da me. Samari suna dawowa daga gidan kallo da labarin yadda manyan ƙungiyoyin Turai ke fara wasa daga gola, a ba wannan a ba wancan a ƙasa har a isa gaba. Sai ya ce, “Waɗancan hilinsu ruwa aka ba shi awa lambu. Namu ƙwallo tsalle taka yi awa kwaɗo. Ku bar ta sama, sama ba ta da rami.”

Bara waccan aka turo wani ma'aikacin lafiya daga Bodinga ɗakin shan maganin garinmu. Ya yi ƙwallo a makaranta, ya iya magana da samari, aka ba shi koci. Shi ya kawo 'yan baya uku da fara wasa daga gida. Ni na goyi bayansa da zuciya ɗaya, don abin yana da kyau a ido, kuma na gaji da ganin muna harba ƙwallo sama muna bin ta da addu'a. Majalisa ta rabu. Tela yana tare da mu, mahauci yana tare da Baba. Muka ci wasa biyu, Baba ya ce iska ce ta taimake mu.

Sai wasan Mandera, farkon gasar rani da garuruwan Bodinga da Shagari ke yi, wadda ake cire ƙungiyoyi biyu na ƙarshe daga ta baɗi. Babu ci har kusan tashi. Ɗan bayanmu ya mayar wa gola ƙwallo a ƙasa, a hankali, ba kowa kusa. Gola ya ɗaga ƙafa zai tare. Ƙwallon ta ci karo da wani ɗan tudu, ta yi tsalle ta haye ƙafarsa, ta gangara cikin raga kamar mai jin kunya. Mutanen Mandera ma sai da suka ɗan yi jim kafin su fara murna.

Washegari majalisa ta cika. Baba bai jera tsakuwa ba. Ya ce koci ya sauka. Tela ya ce kuskure ɗaya ne. Baba ya ce kuskuren da aka koya wa yara ba ɗaya ba ne, zai haihu. Na ce ƙasa ce ta yi, ba tsari ba. Ya ce wanda ya kawo tsarin da bai dace da ƙasa ba shi ya yi. Na ce duniya ta ci gaba. Ya tambaye ni ko na ci abinci, aka yi dariya. Dariyar nan ce ta hau mini kai. Na ɗago ido, abin da ban taɓa yi ba, na dube shi na ce:

“Baba, ƙwallon da kuka sani ta wuce. Ku da ko sau ɗaya ba ku taɓa sa mata ƙafa ba, ta ina za ku san abin da gola ya ji?”

Ban san na faɗa ba sai da na ji shirun. Mahauci ya kawar da kai. Baba ya dubi ƙafarsa ta hagu, ya gyara mata zama da hannu kamar yadda yake yi in zai tashi, ya dogara sanda ya miƙe.

“Gaskiya ta, Malam. Wagga kam duka ka gane ta, ba rabi ba.”

Ya tafi gida. Ba wanda ya bi shi, don kowa ya san ba ya so a ga yana sauri.

Maiɗakina ta ji a bakin mata kafin in isa. Kwana biyu abinci kawai take ajiye mini ta wuce. A na uku tana shara ta tsaya ta ce, “Da wace ƙafa kake so ya buga?” Ta ci gaba da shararta.

Na je da safe na durƙusa a zaurensa na ce ya yafe mini. Ya ce, “Ba komi. Allah shi yahe muna baki ɗaya. Ya iyali?” Na yi murna, na ɗauka ta wuce. Da la'asar na je fili na zauna a wurina, na ce ina ganin a mayar da dogon nan tsakiya. Ya juyo da fara'a ya ce, “Malam, lahiya lau. Ya makaranta? Ya yara?” Sannan ya juya ga mahauci suka ci gaba da zancen dogon.

Haka ya yi mini wata shida. Bai taɓa ɗaure mini fuska ba. In matata ba ta da lafiya shi ne na farkon aikowa. Sai dai ya mayar da ni suruki, a gida da fili duka. Na gwada ta kowace hanya. Na faɗi abin da na san zai fusata shi, na yabi 'yan baya uku a gabansa, ko zai tanka. Na faɗi abin da na san yana so, na ce gola ya riƙa narkawa gaba. Na roƙi matata ta kai saƙo kamar da, ta dawo ta ce Baba yana gaishe ni. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Koci ya sauka, ba da jimawa ba ma aka mayar da shi aiki Bodinga. Aka ba wani tsohon ɗan bayanmu, zaɓin Baba, aikin koci, aka koma huɗu a baya. Abin bai gyaru ba. Kajiji suka ci mu a gida. Muka je Bodinga aka yi mana uku. Kowace la'asar majalisa tana neman mai laifi. Tela ya ce lamba tara ne, yana so ya yanke mutum huɗu alhali ga ɗan'uwansa a sake. Mahauci ya ce lamba tara ba ya samun ƙwallo sai ta sama, shi ko gajere ne. Wani ya ce sabon koci ba ya canji sai an riga an ci mu. Wani ya ce ai benci babu kowa, wa zai sa? Baba ya rage magana. Yakan jera tsakuwoyinsa ya daɗe yana kallo, ya kwashe. Muka wayi gari saura wasa ɗaya, da Dandin Mahe a filinmu, kuma in ba mu ci ba mun fita daga gasar. Saura kwana tara a yi wasan ya rasu.

Abubuwa biyu na ji a makoki da ban sani ba.

Na farko daga gola. Ranar sadakar uku ya same ni a bayan masallaci. Ya ce bayan wasan Mandera bai kwana a gari ba, ya gudu rugar kawunsa can bayan Kajiji, ya rantse ya bar ƙwallo. Mu an ce mana kiwo ya je taya su. Kwana biyar yana can sai ga babur, Baba a baya ya rungume sandarsa, rigarsa duk ƙasa, don sun faɗi sau biyu a yashi. Ya ƙi zama, ya ƙi shan nono. Ya ce masa, “Ba 'yan Mandera sunka ci ka ba, ƙasa ta. Ƙasar ko tawa ta, ni ya kamata in baje ta. Taso mu tahi.” Gola ya ce tun daga ranar, duk safiya bayan an watse daga masallaci, Baba yakan je gaban raga da fartanya, ya zauna a ƙasa yana ja da gindi yana baje tudu yana cike rami, wannan gefe da wancan. Ni ina aji a lokacin. Na lura gaban raga ya yi sumul, na ɗauka samari ne.

Na biyu daga tsohon koci, wanda ya zo daga Bodinga ya yi kuka fiye da wasu 'yan'uwa. Ya ce mako biyu kafin rasuwar, Baba ya same shi a wurin aiki, ya jira har ya sallami marasa lafiya, ya roƙe shi ya dawo ya riƙe wasan ƙarshe. Ya ce masa shi har gobe bai yarda da uku a baya ba, amma yara sun fi jin maganarsa, kuma shi Baba ya yi gaggawar cewa ya sauka.

Na ce, “Ya ambace ni?”

“Ya ce, ‘Ni da Malam muna da magana. Ranar wasan Dandin Mahe zan kira shi kusa da ni.’”

“Wace magana?”

“Bai faɗa ba. Na ɗauka ka sani.”

Na tambayi Inna, na tambayi liman, na tambayi mahauci. Ba wanda ya gaya wa. Har yau in na kwanta ina juya ta. Wata rana in ce zai ce ya huce. Wata rana in ce tsakuwa kawai zai jera ya ce mini na ga rabi, kuma da hakan ya ishe ni.

A daren sadakar ba a yi zancen gado ba, sai bayan kwana biyu Yaya, babban wan maiɗakina, ya kira ni zaure. Mutum ne mai hankali, bai taɓa shiga harkar ƙwallo ba, bai kuma taɓa hana ta ba. Ya ce gara in ji daga bakinsa. Ruwan farko in ya sauka za su sa garma a fili.

Na ce, “Yaya, shekara talatin.”

“Shekara talatin muna kallonta ba mu ce komi ba, don shina raye. Ka san gonar yamma kwazazzabo ya cinye rabinta. Ka ƙirga bakunan da ke gidan ga. Bara tun kahin damina ta raba rumbu ya ƙare.”

Na ce a bar ko shekara ɗaya mu nemi wani wuri. Na ce samarin nan in babu fili watsewa za su yi. Na ce da Baba zai ji, me zai ce? Wannan ta ƙarshe bai kamata in faɗa ba, ni musamman. Ya dube ni ba da fushi ba.

“Malam, ɗiyana hatsi suka ci. In kana da inda zan samo shi, hwaɗa min in bar maka hili.”

Ba ni da shi. Da na koma gida maiɗakina ta ce ita za ta iya cewa a bar nata kason kada a noma. Muka zauna muka kwatanta, 'ya'ya tara ga Inna. Kasonta ko gidan gola, wato gaban raga, bai cika ba.

Ranar Juma'a, gobe wasa, majalisa ta taru a gindin darbejiya, kujerar katako tana nan ba wanda ya hau. Tsohon koci, da ya dawo kamar yadda Baba ya roƙe shi, ya zana tsarinsa a ƙasa da yatsa, uku a baya, biyar a tsakiya, don dole mu ci. Tela ya ce haka ne. Sai na ji bakina yana cewa a'a, huɗu. Na ce 'yan gefen Dandin Mahe gudu gare su, uku ba za su riƙe su ba. Na ce kada kowa ya mayar da ƙwallo baya, gola ya narka gaba. Koci ya ɗago ya dube ni.

“Malam, kai ne kuwa?”

Mahauci ya ce a hankali, “Ku bar shi.”

Ban sani ba ko don na yarda na faɗa, ko don wani ya faɗa a wurin kawai. Koci ya goge zanensa ya sake. Huɗu muka buga.

Ban taɓa ganin jama'a a filin kamar ranar ba. Har mata suka tsaya daga nesa a bakin rijiya. Kafin a busa usur aka tsaya aka yi wa Baba addu'a, 'yan Dandin Mahe ma suka ɗaga hannu. Kafin hutun rabin lokaci gola ya narka wata doguwa, ta wuce kowa, gajeren lamba taran nan ya bi ta ya tura raga. Mahauci ya kama hannuna ya matse har na ji zafi. Muka koma baya muka tare gida. Dogon ya cire ɗaya a kan layi. Gola ya kaɗe biyu da ban san yadda ya kai gare su ba. Tela yana ta tambayar saura minti nawa, ba mai amsa masa.

Gab da tashi suka samu bugun kwana. Aka bugo, kowa ya bi na gaba, wani siririn ɗan bayansu ya taho daga baya ba wanda ya waiwaya, ya sa kai. Ɗaya da ɗaya. Aka ɗauko ƙwallo da gudu aka ajiye a tsakiya, an taɓa ta sau uku alƙali ya tashi wasa.

Ba wanda ya zagi kowa, abin da ban taɓa gani ba. Gola ya zauna a gaban ragarsa ya daɗe yana shafa ƙasa da hannu.

Kwana goma sha biyu bayan nan ruwa ya sauka. Yaya ya aiko a gaya mini tun da safe, don kada in gani kwatsam. Ni da gola muka tone turaku muka naɗe raga muka kai bayan ajina, suna can jingine har yanzu, gara ta fara taɓa ɗaya. Shanu biyu suka shiga da garma. Kafin azahar babu alamar layi.

Tun daga lokacin babu ƙofar da ban buga ba. Na je wurin hakimi, ya saurare ni da kyau, ya ce duk ƙasar da ke kusa da gari tana da mai ita. Filin makarantarmu gangare ne, ga rijiya a tsakiya. Na samu mutum biyu masu saura, gonar da ba a nomawa, a arewacin gari, ɗaya ya ce zai yi shawara, ɗaya ya ce burtali ne, shanu ke bi. Lamba tara ya tafi Sakkwato yana kabu-kabu. Dogon da ɗan gidan maƙera sun bi motar kudu, ba su yi sallama ba. Gola ya koma rugar kawunsa, wannan karon ba mai zuwa ɗauko shi. Yaran ajina suna buga ƙwallon leda a lungu, suna tambayata yaushe za a kafa turaku, ina ce musu bayan kaka. Kaka ta zo.

Gonar da ta huta shekara talatin ta yi gero irin wanda tsofaffi suka ce rabonsu da gani tun suna samari. Makon jiya Yaya ya aiko da dami biyu gidana, kason ƙanwarsa. Ta sussuka ta surfa ta dama fura, ta kawo mini da rana na dawo daga makaranta. Ta zauna a gefe. Na san daga ina geron ya fito, ta san na sani. Yaranmu uku suna sha suna santi. Na daɗe riƙe da ludayin, sannan na sha, don yunwa nake ji. Furar ta yi daɗi ƙwarai.

Ya Allah, bawanka ne, ya zo maka da ƙafa ɗaya da sanda. Ka shimfiɗa masa kabarinsa, ka yafe masa, ka ba Inna haƙuri, ka sa albarka a abin da 'ya'yansa suka girbe. Wanda duk ya karanta wannan, in ya taɓa tsayawa a bakin filin nan ko bai taɓa ba, ya yi wa Baba addu'a. In ya gama, ni ma ya roƙa mini gafara.